Darussan da na koya a aikin fitilun zenon

A shekarun da na yi ina aikin wutar mota, kaɗan ne daga cikin kayan da muke sakawa masu motoci suke nema da ɗoki irin na farar fitilar nan da ake kira zenon, ko HID a bakin 'yan kasuwar kayan gyara. Buƙatarsu kuwa tana da hujja, domin duk wanda ya taɓa tuƙin dare a hanyar da babu fitilun titi, ga ramuka, ga dabbobi, ga tirelar da ta lalace aka bar ta babu alama, ya san darajar haske. Sai dai aikin ya nuna mini cewa yawan hasken da ƙwan fitila yake fitarwa daban, wurin da hasken yake sauka daban, kuma na biyun ne yake sa direba ya gani.

Ƙwan halojin da muka saba da shi yana da siririn zaren ƙarfe wanda yake yin zafi har ya ba da haske. Na zenon ba shi da zare sam. A cikinsa akwai 'yar mitsitsiyar kwalba mai tsinin ƙarfe biyu suna fuskantar juna, tazararsu ta ɗan haura milimita 4, kuma wuta ce take tsallake wannan tazara. Kafin ta tsallake sai an buga mata fiye da bolt 20,000, sannan akwatin da muke kira balas ya sauke ta ya riƙe ta a wajen bolt 85. Iskar zenon aikinta shi ne ba da hasken farko, kafin gishirin ƙarfen da ke cikin kwalbar ya yi zafi ya zama tururi, shi ya sa fitilar take tashi da shuɗi-shuɗi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta washe. Ƙwan zenon samfurin D2S mai wat 35 yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) kusan 3,200, alhali ƙwan halojin samfurin H7 mai wat 55 bai wuce wajen 1,500 ba. Wannan riba ce ta sa kamfanin BMW ya fara saka ta a motarsa 7 Series a 1991, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Matsalar tana farawa ne idan aka sayo ƙwan zenon da balas ɗinsa a kwali, aka cusa su cikin gidan fitilar da aka ƙera domin halojin. Kwanon da ke mayar da haske a cikin gidan an lanƙwasa shi ne daidai da tsawon zaren da mazauninsa. Wutar zenon kuwa ba a miƙe take ba. Zafi yana sa ta gantsare sama, kuma ta fi ƙarfi a bakin tsinin biyu. Saboda haka kwanon sai ya watsa ta inda ba a nufa ba, mafi yawa sama, cikin idon mai tahowa. Shi mai motar murna yake yi, don gaban motarsa ya yi fari fat kuma allunan hanya suna walƙiya, bai san cewa wannan haske na kusa yana tsuke masa ƙwayar ido ba, har abin da ke nesa ya ƙara dusashewa. Na daina gardama da baki a kan wannan. Da magariba nakan tsayar da motar ta fuskanci bangon gareji, in kunna dim, in ce, "Alhaji, duba da kanka." Fitilar da aka ƙera domin zenon tana zana layi a bango kamar an ja shi da rula, ƙasa haske, sama duhu, da ɗan hawa a hannun dama domin gefen hanya. Wadda aka yi wa cushe kuwa dabbare-dabbare take yi har saman katanga. Wannan bangon yana kuma tona asirin gidan fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Jafan, inda ake tuƙi a hagu: nasa hawan yana hagu, wato daidai fuskar mai tahowa a hanyoyinmu.

Ko fitila ta asali ma tana da sharaɗi. A Turai, fitilar dim da ta wuce lumen 2,000 sai an haɗa ta da abin wanke gilashi da na'urar da ke daidaita ta da kanta, domin ƙura a kan gilashi tana watsa haske, kaya a but kuma suna ɗaga hancin mota. Motocin Kwatano da yawa suna zuwa mana da ƙaramin sandan ƙarfen wannan na'ura a karye a ƙarƙashi, ba wanda ya kula, sai a loda buhuna a baya fitila ta koma haska rassan itatuwa.

Akwai kuma ruɗin lamba. Masu saye suna ɗauka fitila mai lamba 8,000K ta fi mai 4,300K ƙarfi, alhali launin haske wannan lamba take nunawa. Ƙwayayen asali suna wajen 4,300, kuma duk yadda aka hau sama, shuɗi yana ƙaruwa, hasken yana raguwa. A lokacin hunturu, idan hazo ya sauka, mai shuɗiyar fitila shi ne ya fi kowa kukan hanya.

Wajen gyara, ƙwan ne ake fara zargi, amma sau da yawa laifin yana jikin waya. Balas yana jan wuta mai yawa a lokacin tashi, don haka siririyar waya, ko ayis (wayar da ke haɗe da jikin mota) da ya yi tsatsa, ko batir mai rauni, duk suna sa fitila ta riƙa ƙyaftawa ko gefe ɗaya ya ƙi kamawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a musanya ƙwan hagu da na dama a ga ko matsalar ta bi shi. Idan haske ya koma ruwan hoda, ƙwan ya tsufa, kuma gara a canza biyun tare. Ƙwayayen zenon samfurin D1 da D2 suna da zaiba a ciki. D3 da D4 ba su da ita, kuma a bolt 42 suke aiki, saboda haka ba a sa wani a madadin wani. Yaran da nake koya wa aiki, abu na farko da nake gindaya musu shi ne a kashe fitila a cire kan batir kafin a taɓa soket, kuma kada yatsa ya taɓa gilashin ƙwan.

A kan tarakta da katafila da manyan motocin wuraren fasa duwatsu ne zenon ya fi burge ni, domin babu zaren da girgiza za ta tsinka, kuma fitilar aiki fili take haskawa, babu mai tahowa da za a dallare. Abin lura a nan shi ne a tabbatar balas ɗin na bolt 24 ne idan injin haka yake, a ɗaure shi nesa da zafi da ruwa, a kuma hana direba yawan kunnawa da kashewa, tun da kowane tashi yana cin tsinin ƙarfen. Yanzu fitilun LED sun karɓe mafi yawan wannan kasuwa, kuma masu motoci sun fara kawo mana su a kwali domin a cusa a gidan halojin, mu kuma muna kai su gaban bango kafin a biya kuɗin aiki.