Bargon da za a bar wa jikoki

Bargon ƙyallaye aiki ne mai cin lokaci. Ana harhaɗa guntayen yadi a yi masa fuska, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa wani yadin a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki har su kama juna. Yawancin masu kawo mini wannan aiki iyaye mata ne da ke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu, kuma kusan magana ɗaya suke yi: suna son abin da yarinya za ta rufa da shi, ta rufa wa 'ya'yanta, in Allah ya ja kwana har jikoki su taras da shi. Buri ne mai kyau, kuma yana yiwuwa. Sai dai gyaran tsofaffin barguna da ake kawo mini ya nuna mini cewa tun a kasuwa ake yanke wa bargo kwanansa, kafin allura ta taɓa shi. Ba kuma ƙarfin kowane yadi shi kaɗai ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko kayan da aka haɗa za su iya tsufa tare.

Mai gyara ita ke ganin ta inda abu yake fara mutuwa. Tsohon bargo ba ya lalacewa gaba ɗaya. Sai ki ga ƙyallayen da ke kewaye lafiya lau, ɗaya a tsakiyarsu ya koma raga, auduga tana leƙowa. In kin duba da kyau, galibi za ki taras wannan ɗayan ba jinsin sauran ba ne: ko ya fi su sirantaka, ko tsohon zane ne da ya riga ya sha wanki aka haɗa shi da sababbi, ko kuma shi auduga ne maƙwabtansa roba. Haɗa yadi mai kauri da marar kauri a layin ɗinki ɗaya kamar haɗa bijimi da jaki ne a garma: duk lokacin da aka ja, mai raunin ne ke shan wahala, kuma daga bakin ɗinkin zai fara yagewa.

Shi ya sa nake tsayawa a kan auduga zalla, mai saƙa a matse, kuma duk ƙyallayen su zama kusan nauyi ɗaya. A Kantin Kwari yanzu ido kaɗai ba ya raba gardama, domin akwai atamfar roba da za ta ruɗe ki da launi, akwai kuma wadda aka cika wa sitaci har ta yi tauri kamar mai tsada. Uwar ɗakina da ta koya mini ɗinki ba ta sayen yadi sai ta zari zare daga bakinsa ta kunna masa ashana. Auduga tana ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murmushewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule ta zama ƙwallo mai tauri. Siliki da ulu ƙaurin gashi suke yi. Bayan wannan sai ta ɗaga yadin ta kalli rana ta cikinsa; in haske yana ratsowa ta ko'ina, saƙar ba ta matsu ba. Sannan ta murza gefensa a tafin hannu, in gari ya zubo, to sitaci ne ake sayar mata. Har yau haka nake yi, kuma ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba ya hana a gwada.

Ba wai roba ba ta da ƙarfi ba ne. Tana da shi, har ma ya yi yawa. Matsalarta ita ce ba ta tafiya daidai da auduga: auduga tana tsukewa a wankin farko, ita ba ta tsukewa, sai fuskar bargon ta yamutse, dutsen guga da auduga ke jurewa ita yana narkar da ita, ga ta da tara ƙananan dunƙule-dunƙule a inda jiki ke gogarta. Saboda tsukewar nan ne nake wanke kowane yadi kafin in sa almakashi, in shanya a inuwa, in goge. A wankin ne kuma launin da zai zuba yake tona kansa, musamman ja da shuɗi mai duhu. Nakan jiƙa guntun farin ƙyalle in goga a jiki. In ya ɗauko launi, sai a sake wankewa, in ya ƙi daina zuba a ajiye shi gefe. Rinin baba na marina irin ta Ƙofar Mata yana da juriya ƙwarai idan ya kama aka ɗauraye shi sosai, amma turkuɗi irin na Kura, wanda ake bugawa da shuni don ya yi ƙyalli, an san shi da shafa launi a jikin mai sawa. Kyansa ke nan a rawani. A bargo mai farare kuwa ɓarna zai yi.

Akwai tarihin da ke ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan wannan ra'ayi. A Ingila da Amurka, wajen shekarun 1880, mata sun yi yayin haɗa barguna da guntayen siliki da karammiski, aka ƙawata su da surfani mai ban sha'awa. A lokacin masana'antu na jiƙa siliki a sinadarin kuza don ya ƙara nauyi, tunda da awo ake sayar da shi. Yau da yawa daga cikin waɗannan barguna silikinsu ya tsattsage ya zube, surfanin kawai ya rage yana riƙe da wuri. Haka baƙi da ruwan ƙasa da aka kama rininsu da sinadarin ƙarfe: a tsofaffin barguna su ne kan fara cinyewa, fari da shuɗin da ke gefensu suna nan. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wani bargo da aka ɗinka a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14, da yadin lilin da auduga a ciki, wanda har yanzu ana nuna wani sashensa a gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan, wani sashen a birnin Florence na Italiya. Kayan da ba su da wani alfahari su ne suka haura shekara 600, masu ƙyalli kuwa ɗari ɗaya ta gagare su.

Abin da ake sawa a tsakiya shi mutane suka fi rainawa, don ba a ganinsa. Mu dai ɗinka auduga tsakanin yadi biyu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda lifidin da ake sa wa dawaki a hawan salla haka ake yin sa, kuma tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Amma lifidi ba a tsoma shi a baho duk shekara. Audugar rimi, wadda muka saba da ita a matashi da katifa, tana da laushi da rashin nauyi, sai dai silinta gajere ne mai santsi, ba ya kama juna, shi ya sa ma ba a kaɗa ta a yi zare. Da tafiya ta yi tafiya sai ta kakkarye ta zama gari, ta taru a kusurwa, ga saurin kama wuta. Soso ma, ranar da ya tsufa marmashewa yake yi. Abin da na amince da shi shi ne audugar gona da aka gurza da kyau aka shiɓe, aka shimfiɗa ta bai ɗaya. A tabbata an tsince gurya, domin mai ne a cikinta, kuma bayan shekaru yakan fito a fuskar bargo ya yi ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da wanki ba ya fitarwa. Irin wannan auduga tana son ɗinki kusa-kusa. Ba na barin tazarar da ta wuce faɗin yatsu uku tsakanin layi da layi, in ba haka ba za ta gudu ta cure.

Zare kuma, ra'ayina shi ne kada ya fi yadin ƙarfi nesa ba kusa ba. In an ja bargo da ƙarfi dole wani abu ya saki, kuma gara zaren ya tsinke a sake bin layin, da a ce yadin ne ya tsage a bar zare a tsaye. Don haka zaren auduga mai kyau nake sawa a yadin auduga. Tsohon zaren da ya daɗe a rana a kan teburin mai kanti ba na saye, in kin ja shi tsakanin hannu biyu za ki ji yadda yake tsinkewa ba gardama. Nakan bar kwatan inci a bakin kowane ɗinki, ba ƙasa da haka ba, ko da ƙyallen zai ƙare.

Bayan bargo da bakinsa su ne ke shan gogayya, don haka ba wurin tsimi ba ne, ko da yake nan ne mai kawo aikin ta fi roƙon a sa mai araha. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta ƙarko. Baki nakan yanko shi a karkace, in ninka biyu kafin in kalmasa, saboda in an yanka shi a miƙe zare ɗaya ne zai kwanta a kan tsinin bakin tun daga wannan kusurwa har waccan, kuma ranar da ya cinye duk gefen ya buɗe. Na karkace kuwa zaruruwa da yawa ne ke raba wahalar. Ina kuma ɗinka bakin yadda za a iya farke shi a sa sabo ba tare da an taɓa jikin bargon ba, don na san ko ba daɗe ko ba jima sai an canza shi.

Wani lokaci uwa takan zo da zanen mahaifiyarta da ta rasu, ta ce lallai a sa shi a ciki. Ba na cewa a'a, domin na san darajar abin a zuciyarta ta fi ƙarfin lissafin tela. Abin da nake yi shi ne in zaɓi inda zanen bai ci ba, in guji tsakiyarsa da ya sha zama, in yi masa shafi da sabon farin yadi marar nauyi, sannan in ajiye shi nesa da baki da wurin ninki. Nakan gaya mata gaskiya cewa wannan ƙyallen shi zai fara gajiya, kuma in ya gaji a ɗora masa faci a sama, kada a yanke shi.

Ranar da aka zo karɓa ina ɗaukar lokaci in yi wa amarya bayani, don ita za ta riƙe shi. Wanki da ruwan sanyi da sabulu marar kaifi, ban da bilic, ban da murɗawa, shanya kuma a inuwa a shimfiɗe, tunda nauyin ruwa yana tsinka ɗinki in an rataya shi a igiya. Kada a ɗaure shi a leda, laima za ta taru ya yi fumfuna. A naɗe shi a tsohon farin zane. In adaka ta ƙarfe ce a shimfiɗa wani abu a ƙasa saboda tsatsa, kuma bayan damina a fito da shi ya sha iska, a sauya wurin ninkin. Sannan in ba ta ƙullin ragowar ƙyallayen da ɗan zare, in ce mata duk lokacin da za ta wanke bargon ta jefa su a ruwan tare, don launinsu ya riƙa kwanciya daidai da nasa, ranar da faci ya kama ba sai an je kasuwa neman mai kama da shi ba.