Godiya ga waɗanda suka ceto tsofaffin kayan otal ɗinmu bayan ambaliya

Jama'a, assalamu alaikum.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ɗakunan ƙasa na otal ɗinmu sun sake buɗewa, kuma tsofaffin kayan katakon nan masu zanen fenti, waɗanda suka girmi duk wani ma'aikaci da ke gidan, yawancinsu sun koma mazauninsu. Baƙi suna zama a kujerun, suna rataye tufafi a kabad, suna jan durowa tana fitowa ba gardama. A madadin masu otal da ma'aikata na zo in yi godiya a bainar jama'a, domin mutane da yawa ne suka sa hannu, wasu ko sunansu ba su bari an rubuta ba.

Zan fara da ma'aikatanmu: masu shara, masu gadi, masu wanki, 'yan kicin. Ruwa na janyewa suka shigo da safar hannu da takunkumi da takalman roba, alhali da yawansu gidajensu ma ruwan bai ƙyale ba. Ruwan ambaliya ya bi ta kwata da masai, ya kwaso mai da ƙazanta iri-iri, shigarsa kaɗai sai mai zuciya. Suka ɗauki hoton kowane kaya kafin a taɓa shi, suka ba shi lamba, sannan suka tallafo shi ta ƙasa aka ɗora a kan bulo. Ba su ja kujera ta hannu ba, ba su ɗaga teburi ta baki ba, don gam ya riga ya saki. Duk guntun katako ko ɓarɓashin fentin da ya faɗi sun tsince shi sun sa a ambulan mai lambar kayan. Ambulan ɗin nan sun yi rana daga baya. Allah ya yi muku albarka.

Sai Malama, ƙwararriyar da ke gyaran kayan tarihi, wadda ta amsa kiranmu tun laka ba ta bushe ba. Maganarta ta farko ita ce kada a fitar da komai rana, kada a kunna wa kayan abin ɗumama ɗaki. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Katako idan ya sha ruwa ta faɗi yake kumbura, tsawonsa kusan ba ya motsi. Tsohon fenti kuwa sau da yawa a kan wani farin shafi na alli da gam ɗin fata yake zaune, shi kuma ruwa na taɓa shi ya yi laushi. Idan katako ya bushe da gaggawa sai ya tsuke ya bar fentin ba wurin zama, fentin ya tashi ya ɓare. Saman katakon ya bushe cikinsa na jiƙe, daga nan sai tsagewa da kantarewa. A ɗaya gefen kuma funfuna ba ta jira, cikin awa 48 tana iya kama kayan da ke jiƙe. Tsakanin waɗannan biyun ta bi da mu. Fanka na juya iskar ɗaki ba tare da ta fuskanci kayan ba, injin janye danshi na aiki kaɗan-kaɗan, kayan da suka fi rauni an lulluɓe su sako-sako da leda don bushewarsu ta tafi a hankali. Kullum sai ta ɗora na'urar auna danshi a jikin katako ta rubuta, ta ce ba za a fara haɗa komai ba sai ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari.

Da ta ga haƙurinmu ya fara ƙarewa, sai ta ba mu labarin birnin Fulorens na Italiya, inda kogin Arno ya yi ambaliya ranar 4 ga Nuwamba, 1966. Hoton gicciye da wani mai zane na da can, Cimabue, ya zana a kan katako, wanda ke cocin Santa Croce, ya rasa kusan kashi 60 cikin ɗari na fentinsa. Hotunan katako da aka ceto an kai su wani gini da ake ajiye itatuwan lemo a lambun Boboli, aka bar danshin wurin a sama ana rage shi sannu a hankali. Wani babban hoto na mai zane Vasari sai a 2016 ya koma Santa Croce, bayan shekara 50. Daga ranar ba wanda ya sake tambayarta yaushe za a gama.

Na tsaya a bayanta wata rana tana aiki a ƙofar wani kabad mai zanen furanni ja da kore. Ganyen furen ya tashi ɓawo-ɓawo, ko numfashi mai ƙarfi zai iya kwashe shi. Ta riga ta manna masa wata takarda ta Japan mai shara-shara don ta riƙe shi. Ta ɗebo gam mai ɗumi a bakin buroshi siriri, ta zura a ƙarƙashin ɓawon, ta shimfiɗa takardar da ba ta mannewa, ta danna da ɗan ƙarfe mai ɗumi har ya kwanta. Laka kuwa da auduga a bakin tsinke take cire ta, tana mirginawa, ba ta gogawa, wurin da bai wuce faɗin farce ba sai ta canja auduga. Har azahar ba ta gama fure guda ba. Malama, ba mu da abin biyanki, sai addu'a.

Baba kafinta da yaransa, mun gode. Durowoyin da suka kumbura suka cije ba ku fizge su ba, kun cire allon baya don iska ta shiga, da suka saki kuka turo su ta ciki. Kun kwance kowace mahaɗa da ta yi sako-sako, kun wanke tsohon gam, kun sake haɗawa da gam ɗin fata irin na asali. Wani yaro ya kawo shawarar a sa gam na zamani a buga ƙusa a huta, Baba ya ce masa: "Yaro, wanda zai gyara bayanmu fa? Wannan da ɗumi da ɗan danshi yake kwancewa, wancan sai an karya katako." Ƙusoshi da ƙarafan da suka yi tsatsa kun cire su kafin su ƙara ɓata katakon da baƙin tabo. Ƙafafun da suka ruɓe kun sassaƙa sababbi da irin itacensu, kuka rubuta shekarar gyara a ƙarƙashi don kada wani ya ɗauka na asali ne. Wannan gaskiyar ta burge ni ƙwarai.

Godiya ga masu gwajin da suka duba fentin kafin a sa masa hannu. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, a Amurka ma sai a 1978 aka hana amfani da irinsa a gidaje. An sami dalmar a wasu kayan, don haka ba a goge komai da samfefa a bushe ba, saboda ƙurarta guba ce, musamman ga yara da masu juna biyu. Waɗannan kayan an rufe fentinsu da kyau, kuma ba a sa su a ɗakunan masu ƙananan yara ba.

Akwai masu ƙaunarmu da suka ce a kankare komai a yi sabon fenti, ko a sayo sababbin kaya a rufe maganar. Ba mu ga laifinsu ba, da hakan ya fi sauri. Amma ni a ganina zanen nan shi ne otal ɗin, shi mutane ke tahowa gani, kuma hannun da ya yi shi ya daɗe da barin duniya. Sai dai otal ba gidan tarihi ba ne. Kujera dole ta ɗauki mutum, teburi dole ya ɗauki kofin shayi mai zafi. Ina gode wa masu otal da suka yarda aka bi hanyar da ta fi tsawo. An fara shafa wani siririn kariya mai suna Paraloid B-72 a kan fentin asali, sannan aka cike wuraren da fenti ya zube kawai, da launin da za a iya cirewa gobe ba tare da an taɓa na ƙasa ba. Aka bi da shafin kariya da ɗan kaki. Teburori an ɗora musu gilashi, ƙafafun kujeru an manna musu abu mai taushi. Soso da audugar cikin kujeru duk an zubar an sa sababbi, domin abin da ya sha ruwan ambaliya irin wannan ba ya wankuwa. 'Yan kayan da ba za su jure zama ba an hau da su bene, inda za a gan su ba a hau su ba.

Tsofaffin ma'aikata da baƙinmu na shekaru da suka turo hotunan da suka ɗauka a ɗakunan nan, da hotunanku aka gane yadda wasu furannin suke kafin ruwa ya share su. Maƙwabta da suka ara mana janareta da ɗakin ajiya mai iska, da baƙin da suka ɗage zuwansu ba su nemi a mayar musu da kuɗi ba, Allah ya bar zumunci.

Masu gyaran ɗaki sun koyi sabuwar ƙa'ida daga Malama: ƙyalle mai taushi busasshe, ba jiƙaƙƙe ba, kuma ba a fesa wa kayan man goge katako na gwangwani. Mun kuma rubuta jerin abin da za a fara hawa da shi bene da zarar an yi gargaɗin ruwa. Roƙonmu ga baƙi shi ne, duk wanda ya ga fenti ya ɗaga kada ya taɓa, ya sanar da mu a wurin karɓar baƙi. Akwai sauran kaya a wurin Baba da ba su gama bushewa ba, in sun dawo za mu sanar.

Waɗanda ambaliyar ta yi wa asarar rai ko dukiya, muna taya ku jaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa kowa da mafi alheri, ya saka wa duk wanda ya taimaka mana da gidan Aljanna.

Manajan otal, a madadin masu gida da ma'aikata.