Yadda na gano kwamfutar da ke ɓarin saƙonni, da ɓarnar da tsoron mutane ya ƙara

A makon ƙarshe na Janairun 2004, lokacin da tsutsar Mydoom ta ɓarke (tsutsa muguwar manhaja ce mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta), ni ke kula da kwamfutoci da sabar imel ta wani ofis, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonnin ofishin. Ƙorafin farko da ya iso gare ni ba na lalacewar kwamfuta ba ne. Wata ma'aikaciya aka yi wa caa, wai ita ke aika wa mutane cuta, domin sunanta da adireshinta ne a kan saƙonnin da ke shigo musu. Na bincika kwamfutarta ciki da bai, tsaf take.

Mutane suna yarda da sunan da suka gani a wurin mai aikawa, alhali wannan layin kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a ciki. Tun zamanin tsutsar Klez, wajen 2002, tsutsotsi suka daina sa sunan mai kwamfutar da suka kama. Suna kwashe adiresoshi daga littafin adireshi da tsofaffin takardu da shafukan intanet da kwamfutar ta adana, su ɗauki ɗaya su sa a matsayin mai aikawa, su ɗauki wani su aika masa. Kuma da injin aikawarsu suke zuwa, ba sa bi ta Outlook, saboda haka ba za ka ga komai a akwatin saƙonnin da aka tura ba. Iyakar abin da sunan ke gaya maka shi ne akwai wata kwamfuta a wani wuri da ke da adireshin mutanen biyu.

Gaskiyar tana cikin bayanan da ke kan saƙon, waɗanda manhajar imel ke ɓoyewa sai ka nema. Duk sabar da saƙo ya ratsa tana ƙara layinta mai farawa da Received a saman na baya. Sai ka faro daga sama kana gangarowa, har ka kai layin da sabarka ta rubuta a lokacin da ta karɓi saƙon daga waje. Lambar IP da ke wannan layin, wato adireshin kwamfutar da ta kawo saƙon a intanet, ita ce abin dogaro, domin sabarka ce ta gan ta da kanta. Sunan da kwamfutar ta kira kanta da shi a layin yana iya zama ƙarya, haka duk layukan da ke ƙasa. Da na bi saƙonni goma sha biyu a haka, sai na ga yawancinsu daga waje suke, amma uku daga cikin gidanmu suka fito.

Neman ta cikin gida bai ɗauki lokaci ba. Kowane irin aiki a intanet yana da ƙofa mai lamba da yake bi; ana aika imel tsakanin sabobi ta ƙofa mai lamba 25, kuma a ofis saba ɗaya ce ya kamata ta riƙa fita ta wannan ƙofar. Na buɗe rajistar katangar tsaro, wato abin da ke tsare shiga da fita tsakanin kwamfutocin ofis da intanet, na tace duk fitar da aka yi ta ƙofa ta 25, sai ga wata laftof guda tana buga ƙofofin sabobi daban-daban babu ƙaƙƙautawa. A kanta na buga netstat -ano, umarnin da ke nuna ƙofofin da kwamfuta ta buɗe, na tarar tana sauraro a ƙofa ta 3127. Wannan ita ce alamar Mydoom: fayil mai suna taskmon.exe a cikin jakar System, da wani shimgapi.dll da ke buɗe ƙofar baya.

Mai laftof ɗin ya san abin da ya faru tun jiya. Saƙo ne ya zo masa kamar na kuskuren isar da wasiƙa, da fayil a maƙale. Ya buɗe, Notepad ta fito cike da haruffa marasa ma'ana, ya rufe, ya ja bakinsa ya yi shiru. Na ce masa, "Malam, me ya hana ka faɗa min?" Ya ce takardar da na rarraba watannin baya ya tuna, wadda na rubuta cewa duk wanda ya buɗe irin wannan fayil laifinsa ne. Da hannuna na rubuta takardar, kuma ita ta sa tsutsar ta kwana tana aiki. Tun daga ranar ban sake haɗa gargaɗi da barazana a takarda ɗaya ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan tsada. Na sa manhajar gogewa ta cire fayilolin biyu da maɓallin rajistar Windows da ke tayar da su, na mayar masa da kwamfutarsa. Amma laftof ce, ya yi ta hawa intanet da ita a waje inda babu katanga, ƙofar 3127 kuma a buɗe. Duk wanda ya san wannan ƙofar yana iya cusa abin da yake so, kuma an yi: a watan Fabrairun shekarar wata tsutsa mai suna Doomjuice ta yaɗu ta nan kaɗai, ba ta ko buƙatar imel. Manhajar gogewa tana cire abin da ta sani ne, ba ta san baƙin da suka shigo bayan an buɗe ƙofa ba. Kwanaki kaɗan laftof ɗin ta sake fitowa a rajistar katanga. Abin da nake yi tun daga lokacin shi ne in zare wayar sadarwa ko in kashe Wi-Fi, in rubuta abin da ke gudana kafin in kashe kwamfutar, in kwashe takardu kaɗai ba tare da manhajoji ba, in goge faifan gaba ɗaya, in sake ɗora Windows, in cike gyare-gyarenta a bayan katanga kafin ta fita. Kalmomin sirri kuwa daga wata kwamfuta mai tsabta ake canja su, domin wanda ya canja a kan mai cutar ya miƙa wa ɓarawo sabon makulli.

Rabin cunkoson da sabarmu ta sha a makon ma ba tsutsar ba ce. Sanarwa ce daga manhajojin tace imel na wasu kamfanoni, kowace tana cewa "kun aiko mana da cuta", tana aika wa adireshin ƙarya da tsutsar ta sa. Da na duba sai na ga tamu ma haka take yi wa bayin Allah. Na kashe wannan saitin nan take. Saƙon da ba ka so, a bakin ƙofa ake ƙin karɓarsa, lokacin da mai kawowa ke kan layi. Idan ka karɓa sannan ka mayar, kan wanda bai ji ba bai gani ba za ka mayar.

Sai masu tura gargaɗi. Niyyarsu kyakkyawa ce, kuma ban taɓa iya yi musu faɗa da zuciya ɗaya ba, amma ɓarnarsu a fili take. A 2002 wani saƙo ya zaga duniya yana cewa a nemo fayil mai suna jdbgmgr.exe, mai hoton ɗan beyar wasan yara, a goge shi domin cuta ce da babu manhajar da ke gano ta. Kowa ya duba ya same shi, domin fayil ne na Microsoft da ke zuwa tare da Java a Windows, kuma ganinsa ya zama hujja a wurinsu. Shekara ɗaya kafin nan an yi irin wannan da sulfnbk.exe. Babu ko layi ɗaya na manhaja a waɗannan saƙonnin. Mutum ne ke gogewa, mutum ne ke turawa ga duk wanda ya sani. Dokar da na kafa ita ce gargaɗi daga wuri ɗaya yake fitowa, duk wanda ya samu wani daga waje ya turo min ni kaɗai.

Akwai nasihar da na daina bayarwa: kada ka buɗe fayil daga wanda ba ka sani ba. Tana koya wa mutum cewa na wanda ya sani lafiya lau ne, nan kuwa ramin yake. Cutar Melissa a Maris 1999 tana aika kanta ga mutum 50 na farko a littafin adireshin wanda ta kama. ILOVEYOU a Mayun 2000 kowa da ke littafin take aika wa, kuma Windows na ɓoye wutsiyar .vbs da ke ƙarshen sunan fayil ɗin, sai ya yi kama da rubutu kawai. Tambayar da ta fi amfani ita ce: kana jiran wannan fayil ɗin? Idan ba ka jira, ɗauki waya ka tambayi mai shi. A ɓangarena na sa duk kwamfutoci su nuna wutsiyar suna, na toshe .exe da .scr da .pif da .vbs da .bat da .cmd a sabar imel. Mydoom ta riƙa zuwa cikin zip, sai na sa a riƙa buɗe zip ana dubawa. Wata tsutsa mai suna Bagle ta zo da zip mai kalmar sirri, kalmar kuma a cikin saƙon, domin manhajar tacewa ta kasa leƙawa. Duk saƙo mai wannan siffa yanzu tsare shi ake yi sai mutum ya duba.

Abin da ya fi damuna ya zo daga baya, lokacin da hayaniyar ta kwanta. Tsutsar Storm ta fito a Janairun 2007 da saƙo mai cewa guguwa ta kashe mutum 230 a Turai, ana tsaka da labarin guguwar gaske da ta afka wa nahiyar, daga baya ta koma katunan gaisuwa na ƙarya. Ba ta goge hotuna, ba ta buɗe Notepad. Kame kwamfuta take yi ta shigar da ita garke, abin da ake kira botnet, makiyayin yana can nesa yana ba ta aiki: aika saƙonnin shara, ko taruwa a danne wani shafi. Da tsutsa ta daina yi wa mai kwamfuta ɓarnar da zai gani, sai mutane suka daina tsoro, daidai lokacin da abin ya zama sana'ar kuɗi. Amsar da na fi ji ita ce "kwamfutata tana aiki lafiya, ni kuma ba ni da abin sata". Makiyayin ba takardunka yake nema ba, layinka da lambar IP ɗinka yake so, kuma jin daɗinsa ne kwamfutar ta ci gaba da aiki lafiya.

Irin wannan ba a gano ta daga cikin kwamfutar, domin Storm tana ɓoye kanta daga Windows ɗin da za ka tambaya. Daga waje ake kallo. Kwamfutar ma'aikaci da ke yawan tambayar DNS, littafin adireshin intanet, wace saba ce ke karɓar imel ɗin wane yanki, ko mai magana da ɗaruruwan adiresoshi ta UDP, wata hanyar aika bayanai, ko mai zirga-zirga da tsakar dare babu kowa a kanta, duk abin tuhuma ne. Sau da yawa ma labarin yakan zo ne ta hanyar da ba ka so: wasiƙun ofis su fara dawowa, ka duba ka tarar Spamhaus, ƙungiyar da ke bin diddigin masu aika saƙonnin shara, ta sa lambarku a jerin waɗanda aka toshe. Kada ka yi gaggawar neman a cire ku kafin ka gano mai cutar, domin za a sake mayar da ku. Maganin da ya fi kowane sauƙi shi ne rufe fita ta ƙofa ta 25 ga kowa ban da sabar imel, ma'aikata kuma su riƙa aikawa ta ƙofa ta 587 da kalmar sirri. Rajistar abin da katangar ta hana fita ita za ta nuna maka mai cutar a rana ta farko.

Labarin an rushe wani garke yana sa mutane sakin jiki, ni kuwa ban ga dalili ba. Da aka yanke wa kamfanin McColo, wanda makiyayan garkuna ke ajiye sabobinsu a wurinsa, layi a Nuwamban 2008, saƙonnin shara a duniya sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku, cikin 'yan watanni suka dawo. Hukumomin ƙasashe da dama tare da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, sun rushe garken Emotet a Janairun 2021, ta dawo a Nuwamban shekarar. Ita Emotet ma tsofaffin hirarrakinka na imel take sacewa, ta amsa a cikinsu da takardar Word mai ɗauke da cuta, har taken saƙon da maganar da kuka yi a baya duk na gaske ne.

Yanzu idan wani ya kira ya ce, "Injiniya, na taɓa wani abu," godiya nake fara yi masa. Sannan in ce ya zare wayar sadarwa, kada ya kashe kwamfutar, kada ya goge saƙon domin ina buƙatar layukan da ke kansa. In tambaye shi ƙarfe nawa ya buɗe, me ya gani a allo, kuma ko ya rubuta kalmar sirri a wani wuri bayan nan. Da wannan lokacin da ya faɗa nake komawa rajistar katanga in ga da wa kwamfutar ta yi magana tun daga mintin.