Yadda muke raba tsofaffin gidaje da gubar dalma a Amurka

Aikina duba gidaje ne a ƙarƙashin shirin wata ƙaramar hukuma da ke karɓar kuɗi daga ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, don rage gubar dalma a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Sharuɗɗan shiga shirin sanannu ne. Sai gidan da aka gina kafin 1978, shekarar da aka hana fenti mai dalma a gidajen zama. Samun iyalin kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin samun yankin, sannan a sami yaron da bai kai shekara shida ba yana zaune a gidan ko yana yawan wuni a can. Mai gidan haya ma yana iya nema, amma zai sa hannu cewa har shekara uku masu ƙananan yara zai fifita. Da yawa a wajen takardun shaidar albashi suke maƙalewa, don haka a haɗa su tun da wuri.

Da na'urar XRF, mai gano dalma a cikin fenti, muke auna kowane bango da ƙofa. Inda ta nuna miligiram 1 ko fiye a murabba'in santimita, ana ɗaukar fentin mai dalma ne. Abin da aikin ya koya mini shi ne, bangon da fentinsa ke ɓarewa bai kai tsohuwar tagar katako haɗari ba. Duk buɗewa da rufewa tana niƙa fentin ya zama ƙura, ƙurar ta taru a dakalin taga, yaro ya dafa ya kai hannu baki. Shi ya sa nake fifita sauya tagogi gaba ɗaya a kan shafa sabon fenti, wanda yakan sake tashi idan akwai yoyo.

Kafin a taɓa komai, mukan mayar da iyalin wani masauki, mu shimfiɗa leda mai kauri, mu toshe hanyoyin iska. Ba a goge fentin a bushe, ba a ƙona shi. Jiƙawa ake yi a kankare. Shara kuma da injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA, wadda ke kama ƙura mai laushi sosai, a wanke da ruwa, a sake zuƙewa.

Gwajin ƙarshe shi ke kayar da 'yan kwangila. Wani mai dubawa daban zai shafo ƙura daga daɓe da dakalin taga ya aika ɗakin gwaji. Ramin da taga ke zama ciki da tsohon daɓe mai tsaga su ne ke riƙe ƙura, kuma muddin sakamako bai fito da kyau ba, ba a mayar da yara, sai an sake wanki.