Garin neman gira

Ranar wata Laraba ce da la'asar, a shagonmu na tace bidiyo da ke Sabon Garin Zariya, saura kwana biyu mu miƙa aikin bikin wata amarya 'yar cikin birni, wajen Ƙofar Doka. Na gama kamu da yinin biki, saura buɗar kai da sunayen dangi da ake jerawa a ƙarshe. Maigidana ya tafi unguwar PZ neman batirin kyamara. Sai ga ɗan saƙo a kusurwar allo, wai sabon zubin manhajarmu ya fito. Ga wuta, ga data, ba mai tsawata mini. Na danna.

Shekarata ta biyu ke nan a sana'ar, daidai lokacin da yaro ke jin kansa ya fara wuce a faɗa masa. Akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko a goge tsohon zubin bayan an ɗora sabo. Ban karanta ba. Na buɗe aikin bikin, manhaja ta ce sai ta juya shi zuwa sabon tsari, na amsa mata. Har bayan isha'i ina kai, na gama buɗar kai, na gyara kalar fuskokin da hasken rumfa ya mayar ruwan ɗorawa. Da na zo fitar da aikin, kwamfuta ta ƙame. Na kashe na kunna, ta sake ƙamewa a wuri guda. Katin hotonta tsoho ne, direbansa kuma, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, an kwana biyu ba a taɓa shi ba, sabon zubin ya fi ƙarfinsa.

Na ɗauki fayil ɗin na kai ƙaramar kwamfutar maigida, wadda ke da tsohon zubi. Ta ƙi buɗewa.

Da ya dawo ya tarar da ni na yi tagumi, ya ji bayani, sai ya ce, "Wa ya aike ka?"

"Oga, na ga an ce ya fi sauri ne."

"Shi wanda muke da shi ya kawo maka ƙara?"

Ban da amsa. Abin da ban sani ba a daren shi ne ƙofar sabuntawa ta shiga ce kawai. A Premiere Pro, manhajar tace bidiyo ta kamfanin Adobe, aikin da aka adana da sabon zubi ba ya buɗuwa kai tsaye a tsoho. A DaVinci Resolve kuwa, wata manhajar irinta, ayyukan duka suna zaune ne a rumbu guda, kuma da zarar ka ɗaga rumbun zuwa sabon babban zubi, tsohon ba zai sake karanta shi ba. Shi ya sa ake cewa ka kwafe rumbun tukuna. Ba ɓoye wannan aka yi ba, a rubuce yake. Mu ne ba ma karatu, da mun ga maɓalli mai launi sai dannawa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni. Da safiyar Alhamis, cikin ruɗewa, maimakon in nemo tsohon zubin in mayar ko in sabunta direban, sai na share kwamfutar baki ɗaya na sake ɗora Windows, wai don komai ya dawo fes. Sauke manhaja ta wayar hannu ya cinye datar wata guda, aka kuma ɗauke wuta ana tsakiya, muka tada inji. Wannan duk kuɗi ne, ana mayarwa.

Wahalar tana cikin ƙananan abubuwan da ban taɓa lissafa su a matsayin dukiya ba. Gajerun hanyoyin madannai da yatsuna suka haddace sun tafi, ina danna harafin yanka sai wani abu daban ya faru. Gaurayen kalar da maigida ya shekara yana daidaitawa don baƙar fata a ƙarƙashin fitilun ɗakin taro ya tafi. Na buɗe tsohon kwafin aikin, allo ya yi ja wur, ko hoto guda babu. Gabana ya faɗi, na ɗauka bikin mutane ne ya salwanta. Ashe ma'ajiyar waje ce da Windows ke kira E ta koma F, manhaja kuma hanyar fayil take riƙewa, ba shi kansa bidiyon ba. Na nuna mata guda ɗaya, ta lalubo sauran da kanta.

Sai rubutu. Ba kowane salon rubutu ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma wanda muke amfani da shi maigida ne ya samo shi tun kafin zuwana, ba wanda ya tuna sunansa. Sai ga katin gayyata a allo: wani ɗan murabba'i, sannan "ofar Doka". Sunan kakar amarya ma ya rasa harafinsa na tsakiya. Na kai ƙarfe biyun dare ina gwada salo ɗaya bayan ɗaya ina rubuta "ƙoƙon ɗaki" in ga wanda zai fito daidai. Har yau da wannan nake gwada kowane sabon salo.

Masu laifin irin nawa suna da ɗan uzuri. Tun 2013 da Adobe ta koma tsarin biyan kuɗin wata-wata na Creative Cloud, bayan zubin CS6 na 2012 wanda ake saya sau ɗaya a huta, sabuntawa ta zama abin da ke ƙwanƙwasa ƙofa a kai a kai. Kuma ba a zama a tsoho har abada: sabuwar kyamara na iya zuwa da nau'in fayil da tsohuwar manhaja ba ta sani ba, ga Windows 10 da Microsoft ta daina tallafa wa tun 14 ga Oktoban 2025. Wasu abokan sana'a a Samaru sun koma Resolve na kamfanin Blackmagic Design saboda akwai na kyauta. Masu karɓar kwafin bayan fage a filashi kuwa, wannan hira ce ta wata rana. Na ga kwamfutar da ta kwashi cuta ta nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci gwaggon amarya ta zo karɓa. Na sake aikin buɗar kai daga farko, idona jawur.

"Ɗan nan, lafiya kuwa? Ko zazzaɓi ne?"

"Lafiya lau, Hajiya. Aiki ne."

Ta kalli sunayen har ƙarshe tana bi da yatsa, ta ce an rubuta na mahaifiyarta daidai, ta biya.

Yanzu akwai filashi a aljihun teburin shago, maigida ya manna masa takarda ya rubuta "kar a taɓa". Salon rubutu, gaurayen kala, tsarin madannai da lambar zubin da muke kai duk suna ciki. In za mu sabunta, ƙaramar kwamfuta ce ke fara ɗanɗanawa da kwafin wani tsohon aiki, tsohon zubi kuma yana nan gefe ba a goge shi. Wani saƙon ya sake fitowa tun watan Rajab, ga bukukuwan kafin azumi sun taso mu gaba, uku a mako guda. Yana nan a kusurwa yana jira a ga wata.