Hoya: Abin da Ke Sa Ta Fure, da Yadda Ake Dasa Yaɗonta a Gida

Ƙorafin masu hoya, wata shukar ado mai yaɗo, kusan guda ne a ko'ina: ganye ya yi ƙyalli, yaɗo ya zagaye taga, amma shekara uku ko huɗu ba a ga fure ba. Mutane da yawa sai su ɗora laifin a kan taki, su je su sayo wani. A mafi yawan lokuta matsalar tana wani wurin: ko haske bai isa ba, ko tukunya ta yi wa saiwa girma, ko kuma mai shukar ya sa almakashi ya datse ainihin inda furen zai fito ba tare da ya sani ba.

Sanin asalinta yana warware rabin tambayoyin. Hoya 'yar dazuzzukan Asiya ce da arewacin Ostireliya: Indiya, kudancin Sin, Tailan, Filifin, Indunusiya har zuwa Sabuwar Gini. Akwai nau'i sama da 500. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya raɗa mata suna a 1810, don karrama Thomas Hoy, wani mai kula da lambu a Ingila. Yawancinsu a jikin bishiya suke rayuwa, saiwarsu tana maƙale da ɓawo da ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a tsakanin rassa. Ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar cikin ɗan lokaci. Danginta ɗaya da tumfafiyarmu, shi ya sa wasu nau'o'in, irin su australis da kerrii, suke fitar da farin nono in an yanke su. Wanda ya taɓa duba furen tumfafiya da kyau zai gane tauraron nan mai kusurwa biyar da ke tsakiyar furen hoya.

Haske ne kan gaba, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ana sayar da hoya a matsayin shukar ɗaki, sai a ajiye ta a kan tebur a tsakiyar falo, mita uku daga taga. Ba za ta mutu ba, don tana da juriya, amma ƙarfin da take tarawa a wurin ba zai wuce na riƙe ganyenta ba. Abin da take so shi ne ranar safe ta taɓa ta na awa 2 zuwa 3, sauran yinin kuma ta zauna cikin haske mai yawa wanda ba ya ƙuna. Baranda mai kallon gabas ita ce wuri mafi dacewa, sai ƙarƙashin bishiya mai sakin haske kamar darbejiya, ko ƙarƙashin ragar inuwa mai tare rabin rana. Ganyen da kansa yana faɗa maka halin da ake ciki. Kore mai duhu sosai da tazara mai tsawo tsakanin ganye da ganye alamar ƙarancin haske ne. Kore mai ɗan haske, wani lokaci da ja-ja a gefe, shi ne daidai. Fari-fari ko tabon ƙuna mai ruwan ƙasa kuwa, rana ta yi yawa. In za ka fitar da ita daga ɗaki, yi a hankali cikin mako biyu, don ganyen da ya saba da duhu yana ƙonewa a yini ɗaya.

A ƙasar Hausa, ranar bazara daga ƙarfe 11 zuwa la'asar ta fi ƙarfin kowace hoya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a ma'aunin Celsius, a janye ta daga jikin bangon da rana ke duka, kuma kada a rataye ta dab da rufin kwano. Zaɓin nau'i ma yana da muhimmanci. Carnosa, pubicalyx, australis da kerrii suna da kaurin ganye, suna jure zafi da bushewar iska. Linearis, wadda ta fito daga tsaunukan Himalaya, da bella mai ƙananan ganye, sanyi da laima suke so. A Kano ko Maraɗi wahala kawai za su sha, sai dai a wuri irin Jos. Wanda yake ɗokin ganin fure da wuri ya nemi multiflora, tana yi tun tana ƙarama.

Sai maganar tsinken fure, wadda a ganina ita ce mafi muhimmancin abin da mai hoya zai sani. Fure ba ya fitowa kai tsaye daga reshe. Wani ɗan gajeren tsinke ne mara ganye yake fitowa a gaɓa, tsakanin ganye biyu, ya ɗan lanƙwasa ƙasa, kansa da ɗan kumburi. A kan wannan kumburin ne furanni ashirin ko fiye suke taruwa su zama dunƙule guda. Bayan kamar mako ɗaya furen ya zube, tsinken ya rage shi kaɗai, mummuna, kamar busasshe. Kada ka taɓa shi. A kansa furen gaba zai fito, da na bayansa, shekara da shekaru. Duk lokacin da ya yi fure yana ƙara ɗan tsawo, har ka iya ganin zobe-zoben tabon furannin baya a jikinsa. Tsohuwar hoya mai tsinke 10 ko 15 ita ce ake gani ta lulluɓe da fure. Wanda ya cire su don gyara kamannin shuka ya mayar da kansa baya da shekara guda ko biyu.

Haka nan dogon yaɗon nan tsirara, wanda ke miƙewa rabin mita ko fiye babu ganye ko ɗaya. Mutane suna ɗaukarsa mara amfani su yanke. Neman abin kamawa yake yi. In ya samu, sai ganye ya biyo baya, kuma a kansa sababbin tsinkayen fure suke fitowa. A ba shi waya mai zagaye ko sandar gora. A naɗe shi akasin juyin agogo, yadda yake naɗuwa da kansa, kuma a bar kansa yana kallon sama, don in aka tanƙwara kan ƙasa sau da yawa yakan bushe.

Ƙasar shuka: jar ƙasa, laka ko ƙasar gona zalla suna kashe hoya sannu a hankali, domin suna riƙe ruwa su hana saiwa numfashi. Haɗin da ke aiki shi ne kashi 2 na ɓawon kwakwa da aka yanyanka girman gyaɗa, kashi 1 na gawayi fasasshe, kashi 1 na perlite (farar tsakuwa mara nauyi da ake haɗa ƙasar shuka da ita), da kashi 1 na ruɓaɓɓen takin ganye da ya huce. In babu perlite, fasasshen kasko ko jan bulo da aka daka aka tankaɗe garinsa zai maye gurbi. Ɓawon kwakwa yana ɗauke da gishiri, saboda haka a jiƙa shi kwana biyu ana sauya ruwan. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: ka zuba ruwa, ya kamata ya fara fita ta ƙasan tukunya cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ya tsaya a sama yana taruwa, ƙara gawayi.

Tukunya kuwa ƙarama ta fi. Hoya ta fi yin fure in saiwarta ta cika tukunya, kuma ƙaramar tukunya tana saurin bushewa, wanda ke kare ta daga ruɓewa. Sauyi sau ɗaya a shekara 2 ko 3 ya isa, kuma sabuwar kada ta fi tsohuwar faɗi da fiye da santimita 3. Dole a samu huda a ƙasa. Tukunyar ƙasa ta fi kyau da damina, amma da bazara tana bushewa da sauri, sai an riƙa dubawa.

Ban ruwa ba shi da ranar da aka yanke. Ka cusa yatsa, in ka ji sanyin laima ka bari, in ya bushe har ƙasa ka ba ta ruwa sosai har ya zubo, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Da bazara hakan kan iya zama kowane kwana 3 ko 4, da hunturu kwana 10 ko fiye. Akwai tarko guda a nan: ganye mai yamushewa yana iya nufin ƙishi, yana kuma iya nufin saiwa ta ruɓe ba ta iya jan ruwa. In ka ba ta ruwa ganyen bai cika ba bayan kwana biyu, zare ta daga tukunya. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, mai tauri. Ruɓaɓɓiya in ka ja sai fatar ta saɓule ta bar siririn zare. Idan duka haka suke, kada ka ɓata lokaci wajen jinya, yanke rassan ka sake dasawa. Ruwan sama ya fi na burtsatse. In na burtsatse ne kawai, sau ɗaya a wata a kwarara ruwa da yawa ya wanke farin gishirin da ke taruwa.

Taki kaɗan take buƙata. Rubu'in ƙaramin cokali na takin narkawa na NPK 20-20-20 a lita 4 na ruwa, kowane mako biyu, muddin tana toho. Ƙwayar yuriya ko takin masara da ake barbaɗawa a gona yana ƙona saiwarta. Da hunturu a dakatar da taki, a rage ruwa. Sanyin dare da ɗan bushewar nan suna yi wa carnosa amfani, sau da yawa bayansu ne take ƙulla fure in ɗumi ya dawo. Sai dai kada sanyi ya yi ƙasa da 10 a ma'auni, kuma a riƙa wanke ƙurar da ke rufe ganye.

Da zarar ƙananan hudar fure sun bayyana, a bar tukunya inda take. Kada a juya ta, kada a sauya ƙasa, kada a bar ta ta bushe ƙarƙaf. Hudar tana ɗaukar makonni kafin ta buɗe, kuma a wannan tsakanin canjin haske, ƙishi, ko iskar fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna sa ta yi rawaya ta zube. In ta buɗe, ƙanshin ya fi tashi da dare, kuma tana ɗigar da zuma mai danƙo, don haka a sa wani abu a ƙasa. Tururuwa za ta zo, kuma tururuwa ce ke yaɗa farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke ɓuya a gaɓa da bayan ganye. A goge shi da auduga da sifirit, a maimaita kowane mako har sau uku ko huɗu, don ƙananan da ba a gani suna tasowa daga baya.

Dasa yaɗo duk a kan gaɓa yake. Gaɓa ita ce inda ganye biyu suke haɗuwa da reshe, kuma a nan idon sabon toho yake. Wannan ne dalilin da ya sa ganyen kerrii guda ɗaya mai siffar zuciya, wanda ake sayarwa a ƙaramar tukunya, yake yin saiwa ya zauna shekaru bai ƙara komai ba: an yanko shi babu gaɓa. Kafin ka saya, duba ko akwai guntun reshe a gindinsa.

Zaɓi reshen da ya ƙosa amma bai zama icce ba, mai ganye masu tauri. Sabon yaɗo mai laushi yana ruɓewa. Goge reza da sifirit, ka yanke yanki mai gaɓa 2 ko 3, kamar santimita 2 a ƙarƙashin gaɓar ƙasa. Cire ganyen wannan gaɓar, ka bar na sama. Ajiye shi a inuwa na 'yan awanni bakin yankan ya bushe, kuma ka kiyaye idonka da nonon. Ka lura da kan da ke wajen gindin uwar tun kafin ka yanke, shi zai shiga ƙasa. In ka ga 'yan ƙananan ƙuraje a jikin reshen, saiwoyi ne da suka fara leƙowa, irin wannan yanki ya fi saurin kamawa.

Ana iya sa shi a ruwa, gaɓar ƙasa kawai a nutse, ganye a waje, ana sauya ruwan kowane kwana 3. Amfaninsa kana ganin abin da ke faruwa. Illarsa, saiwar ruwa tana da rauni, takan sha wahala in an mayar da ita ƙasa. Na fi ba da shawarar perlite mai laima ko haɗin nan na ɓawon kwakwa a ƙaramin kofin roba da aka huda: binne gaɓa ɗaya, rufe da farar leda mai 'yan huda, ajiye a wuri mai haske da rana ba ta duka. Rana a kan leda tana dafa yanki cikin awa ɗaya. A buɗe ledar kowane kwana biyu iska ta shiga. Ɗumin digiri 24 zuwa 28 ne ya fi, shi ya sa damina ta fi kowane lokaci; a cikinta ma ba lallai a sa leda ba. Saiwa kan fito cikin mako 2 zuwa 4, masu kaurin ganye irin kerrii sukan kai 6 ko fiye. Idan gindin ya yi baƙi ya yi laushi, laima ta yi yawa: yanke har ka kai ga lafiyayyen wuri, ka busar, ka sake.

Hanyar da ba ta da asara ita ce kwantar da yaɗo tun yana jikin uwar. Ajiye ƙaramar tukunya a gefe, ɗora gaɓa ɗaya a kan ƙasar, danne ta da lanƙwasasshiyar waya, ka riƙa jiƙa wurin. Uwar tana ciyar da shi har ya yi saiwa. Bayan wata ɗaya ko biyu, in ka ja a hankali ka ji ya riƙe, sai ka yanke tsakaninsu.

In saiwa ta kai santimita 3 zuwa 5, a mayar da yanki tukunya mai faɗin santimita 8 zuwa 10, uku ko huɗu a tukunya guda don ta cika da wuri. A mako biyun farko a bar ƙasar da ɗan laima, a riƙa buɗe ledar kaɗan-kaɗan har a cire ta, kuma ba taki sai an ga sabon toho. Yana iya yin wata biyu ko uku bai motsa a sama ba alhali saiwa tana aiki a ƙasa, don haka kada a tone don dubawa. Carnosa da aka dasa ta wannan hanya takan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin furen farko, amma yankin da aka ɗauko da tsohon tsinken fure a jikinsa yana iya yi tun a shekarar farko.