Sabar bogin da ba ta taɓa ce mini a'a ba

Yau na kai wa wani Alhaji manhajar lissafin shagonsa a babbar kasuwar Maradi. Ya danna "ajiye", sai wayar ta tsaya cak, zoben nan yana ta juyawa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, barci ta yi ne?" Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata biyu ina gwada manhajar da sabar bogi mai kwaikwayon ta gaske (saba ita ce kwamfutar da manhaja ke tura wa bayanai), kullum amsarta 200, wato komai lafiya lau. Ban taɓa sa ta maido 500 ba, lambar da ke nuna saba ta samu matsala, balle ta yi nawa irin na rezon kasuwa da tsakar rana. Ashe ni ke tambaya, ni ke ba kaina amsa. Daren nan sai na koya wa sabar bogin yin shiru.